Gawayin Kirya

A 2024, da kuɗin gas ya fi ƙarfina, na tura tukunyar ƙarƙashin gado na koma gawayi, kamar yawancin matan layinmu a Tudun Wada. Ban ga laifina ba. Yara huɗu ba sa cin haƙuri.

Kawu ne ya dagula min lissafi. Ya zo daga Birnin Gwari ganin likita a Shika, ya sauka wurinmu. Da safe ina fifita kurfoti, sai ya ɗauki gawayi guda ya ƙwanƙwasa a siminti, ya kasa kunne.

"Kirya ce," in ji shi. "Wannan itaciyar ta girme ki, 'yata."

Kawu ya yi shekaru yana gadin dajin Kamuku. Tun 1936 aka keɓe shi a matsayin gandun En'e, a 1999 ya zama gandun daji na ƙasa, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 1,100. Muna yara yakan ba mu labarin giwayen da ke kai da kawowa tsakanin Kamuku da Kwiambana, da gwanki, da mugun dawa. Har na girma ina ɗauka da ƙari a zancen. Yanzu kowa ya ji Kamuku, 'yan bindiga ne ke faɗo masa a rai, ba giwa ba.

Ya ce doka tana da yafiya: ka sare ta, kututturen ya sake tofowa, muddin gobara da shanu sun ƙyale shi. Kirya kuwa ba ta gaggawa, shi ya sa gawayinta ke da nauyi, maƙera ke sonsa. Wato daɗewar garwashin da nake yabo, shekarun itaciyar nake ƙonawa a tukunyar wake ɗaya.

Na tambayi mai gawayinmu inda ake kawo masa. Ya yi dariya ya ce, "Hajiya, daga daji mana."

Da zai koma, Kawu ya bar min 'ya'yan kirya a ƙullin leda, ya ce in jiƙa su a ruwan zafi saboda taurin ɓawonsu. Na shuka a ledojin ruwa, uku sun fito. Gidan haya muke, tsakar gidan duk siminti ne, kullum autata na tambaya ina za mu dasa su. Buhun gawayin kuma ya kusa ƙasa. Ranar Juma'a zan aika a sayo wani.