Muryoyin Dattawan Zango a Kan Baƙin Allo



Da wuya a shiga tsohon gida a Aboabo, Asawase ko Sabon Zango a rasa kwalin kaset a ƙarƙashin gado: tafsirin azumi, wa'azin maulidi, addu'ar suna, wani lokacin ma zaman sulhu da na rabon gado. Kamfanin Philips ne ya fito da irin wannan kaset a 1963, kuma bai yi shi don garin da ke da damina biyu a shekara ba. Danshin Kumasi yana sa zaren ya yi fumfuna ya manne, rediyon da za ta juya shi kuwa ta yi ƙaranci ko a Kejetia.

Aikina shi ne riƙe wa dattijonmu takardu da rubuta abin da aka yanke a zaure, saboda haka waɗannan kaset-kaset amana ce a hannuna. Wani ɗan ƙanwata da ya yi karatu a jami'ar kimiyya da fasaha ta Kwame Nkrumah ya taya ni kwashe su zuwa kwamfuta. Kwamfutar tsohuwa ce, manhaja mai yawan ado takan sa ta sandare, ga wutar lantarki da ba ta da alkawari. Sai ya sa mata Linux, tsarin da Linus Torvalds ɗan ƙasar Finlan ya fara a 1991, ya buɗe mini wani baƙin allo da babu hoto ko ɗaya a kansa, ya ce, "Kawu, nan rubuta mata za ka yi." Shi ake kira layin umarni.

Wanda ya yi makarantar allo ba zai daɗe yana baƙunta a wurin ba. An horar da mu cewa ɗigo ne ke raba ba'un da ta'un, kuma malam ba ya karɓar "kusa da daidai". Haka wannan allon yake: ka ƙara harafi ko ka rage, ya ƙi ka nan take. Idan na rubuta mpg123 zama.mp3 na danna, sai muryar ta fito, babu talla, babu neman intanet.

Umarnin da na fi ji da shi na ffplay ne, ɗan gidan FFmpeg, wanda Bafaranshe Fabrice Bellard ya assasa a 2000, kuma kyauta ne ga kowa. In na rubuta ffplay -nodisp -ss 00:37:10 zama.mp3, sautin zai tashi daga minti 37 da daƙiƙa 10 daidai. A da sai a yi ta juya kaset da biro ana lalube. Yanzu a littafin zama, gefen kowace magana mai nauyi, ina rubuta mintin da aka faɗe ta, kamar yadda ake nuna sura da aya.

Amfanin wannan ya bayyana ranar da 'ya'yan wani mamaci suka zo kan ɗaki guda a gidan gado. Mazan sun ce na kowa ne a raba, 'yar'uwarsu da aurenta ya mutu ta ce mahaifinsu ya ba ta shi tun yana raye, a gaban dattijo. In ta rasa ɗakin, ba ta da inda za ta kai 'ya'yanta. Na duba littafi, na rubuta layi ɗaya, sai ga muryar mahaifinsu da tarinsa da komai, yana faɗin kyautar, yana kiran sunayen shaidu biyu. Babban wansu ya sunkuyar da kai ya daɗe bai ɗago ba. Dattijo dai bai yanke hukunci da murya kaɗai ba, ya aika aka kira shaidan da ya rage da rai, ya tabbatar. Ra'ayina ma ke nan, musamman yanzu da na'ura ke iya kwaikwayon muryar mutum: sauti tunatarwa ne, shaidu su ne hujja. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta bashi a Suratul Baƙara, rubutu da shaidu ta haɗa.

Ga mai son farawa, ya kula da suna. Ya sa shekara, wata, rana, sannan batun, kada ya bar tazara a tsakani, kuma ya haƙura da ƙ da ɗ da ɓ a sunan fayil, ko da yake raina ba ya so. Sautin da ba a matse ba, wato WAV, yana cin kusan megabait 10 a minti ɗaya, MP3 na yau da kullum kuwa kusan 1, don haka kaset mai minti 90 zai koma kamar megabait 90. Ni ina ajiye WAV ɗin a wuri biyu, na raba MP3 ga iyalai. Saƙon murya na WhatsApp yakan zo da ƙarshen .opus, kuma ffmpeg -i sako.opus sako.mp3 ya isa ya juya shi.

Duk wanda ke da kaset na zaman sulhu ko na tafsirin malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, kada ya sa shi a rediyo in ya ga farin ƙura a jikin zaren, domin zai iya tsinkewa. Ya kawo shi zaure bayan La'asar, tare da sunan mai maganar da shekarar, in ya tuna.