Jaririya a cikin jirgin sama

A ƙasarmu jariri ba ya tafiya sai a bayan uwarsa. Da goyo ake zuwa rijiya, da goyo ake zuwa kasuwa, da shi ake hawa amalanke da babbar mota. Wuri ɗaya na sani inda ake sa uwa ta kwance goyo ko tana so ko ba ta so, shi ne cikin jirgin sama.

A shekarar 2018 na raka yayata daga Yamai zuwa Abijan, inda mijinta yake kasuwanci kamar mutanen Tawa da yawa. Ɗiyanta biyu ne: yaro ɗan shekara 5 da jaririya ƴar wata 10. A mota tafiyar kwana biyu ce ko uku, ta ƙasar Burkina Faso. A jirgi kuwa wajen awa biyu ce. A filin jirgi na Diori Hamani an duba takardun kowa, har da na jaririyar. An nemi takardarta ta rigakafin shawara, don a can duk wanda ya kai wata 9 ba ya shiga sai da ita.

Yaron ya samu kujerarsa kusa da taga. Jaririyar ba ta da kujera, domin wanda bai cika shekara 2 ba a cinya yake zama. Ma'aikaciyar jirgi ta kawo wata ƴar ƙaramar ɗamara, ta sarƙa ta a cikin ta uwar, ta ɗaura wa jaririyar a ƙugu. Yaya ta ce:

— Ai hannuna ya isa.

— A'a, Madam. In jirgi ya shiga iska mai gardama, yakan yi girgiza farat ɗaya. Ba hannun da ke iya riƙe yaro a lokacin.

Goyo kuma ba ya yiwuwa, don in jirgi ya yi tsalle, uwa za ta danne ɗanta da bayan kujera.

Kafin mu tashi aka nuna mana wani abu kamar ƙaramin ƙoƙo mai igiya. In iskar cikin jirgi ta gudu, zai faɗo daga sama, a rufe hanci da baki da shi. Aka ce babba ya fara sa nasa, sannan ya sa wa yaro. Yaya ta dube ni, ranta a ɓace.

— Wace uwa ce za ta fara da kanta?

Amma maganar ma'aikatan gaskiya ce. A can sama, in iska ta gudu, mutum yana iya rasa hankalinsa kafin minti ɗaya ya cika. In uwa ta suma, wa zai sa wa ɗiyar? Na faɗa wa Yaya haka. Ba ta amsa ba, sai ta ƙara rungume jaririyar.

Jirgi na tashi, jaririyar ta ɓarke da kuka. Wasu suka fara juyowa suna ɗaure fuska. A ganina ba su yi daidai ba, don ba rigima take yi ba, kunnenta ne ke ciwo.

Yara, kun san iska tana da nauyi? Tana danna jikinmu ko'ina, mun dai saba ne. In mutum ya yi sama, nauyin nan yana raguwa. Babban jirgi yana hawa har wajen mita 10.000. Ana hura iska a cikinsa, amma ba ta kai ta ƙasa ba. Mai zaune a ciki kamar yana bisa dutsen Bagzan ne na ƙasar Ayar, wanda tsawonsa ya ɗara mita 2.000 kaɗan.

To, a cikin kunne akwai wata fata siririya, a miƙe kamar fatar kalangu. Bayanta akwai ɗan ɗaki mai iska, kuma wata ƴar hanya ta haɗa ɗakin da maƙogwaro. In iskar waje da ta ciki ba su yi daidai ba, fatar sai ta ja, kunne ya toshe, ya yi zafi. Haɗiyar miyau ko hamma tana buɗe hanyar, iska ta wuce, a ji sauƙi. Babba yana yin haka ba tare da ya lura ba. Hanyar jariri kuwa ƙarama ce ƙwarai, kuma ba ka iya ce masa ya haɗiya. Mura ma tana toshe ta, shi ya sa ake kai yaro mai mura wajen likita kafin tafiya.

Wata tsohuwa da ke bayanmu ta taɓa kafaɗar Yaya.

— Ɗiyata, ba ta nono.

Yaya tana jin kunyar mutane, amma ta rufa mayafi ta ba ta. Jaririyar ta tsotsa, ta haɗiya, kuka ya tsaya. Ba a daɗe ba ta yi barci. Yaron kuwa yana ta tambayata don me ba a buɗe taga, kuma ina Isa ya tafi, alhali yanzu-yanzu ya ga kogin a ƙasa kamar zare.

Sauka ta fi tashi wahalar da kunne, domin a lokacin iskar waje ce ke ƙara nauyi tana tura fatar ciki. Mai barci kuma ba ya yawan haɗiya. Da aka ce mun kusa Abijan, tsohuwar ta sake magana:

— Tashe ta yanzu, kada ki jira ta yi kuka.

Yaya ta tashe ta, ta sa mata nono. Ni kuma na ba yaron alawa, na ce ya tsotsa a hankali, kada ya tauna. Can sai ya kama hannuna, ya ce:

— Kawu, kunnena ya yi ɓus, ya buɗe! Ga teku can!