Mahujin Baba

A aljihun teburina na ofis, kusa da jan biron da nake gyara takardun ɗalibai, akwai wani guntun ƙarfe mai tsini wanda bai fi tsawon yatsa ba. Mahujin mahaifina ne, Allah Ya jiƙansa. Sana'arsa ƙera akwatunan ƙarfe da murhun gawayi daga tsofaffin gangunan mai, kuma ban taɓa ganin ya huda ƙarfe da inji ba.

Ga yadda yake yi. Sai ya auna, ya ja layi biyu da tsinin ƙusa su gitta juna. A mahaɗarsu zai kafa mahuji, ya ƙwanƙwasa a hankali har wurin ya ɗan lotsa, domin kada tsini ya zame. Sa'an nan ya ɗora ƙarfen bisa kututture, ya sauke guduma sau ɗaya tak. Kullum hudar farko takan gaza abin da ake bukata, sai ya bi ta da magagari yana gwada ƙusar har ta shiga cif. In babbar kafa ce, sai ya jera ƙananan huji daga cikin da'irar, ya datse tsakaninsu da kurfi, ya goge bakin.

Ina ɗan shekara 12 aka kawo aikin akwatin wata amarya. Baba ya tafi masallaci, ni kuwa don in burge shi na ɗauki babban mahuji, ban auna ba, na doka a marfin. Kafar ta kauce, ta kuma yi wa ƙusar maƙalin kwaɗo faɗi. Da ya dawo ya gani, bai ɗaga mini hannu ba. Cewa kawai ya yi, "Kai yaro, ƙaramar kafa ana faɗaɗa ta, amma wadda ta yi yawa wa zai mayar mata da ƙarfenta?" Daren nan a fitila ya kwana yana ƙera sabon marfi, ribar aikin duk ta tafi.

Boko ya ɗauke ni, ya kawo ni nan Kudu. Ƙannena ma kowa ya kama gabansa, har rumfar ta zama shagon cajin waya. Ran da muka raba gado babu wanda ya kalli kayan aikin, ni ma wannan ɗaya kurum na ɗauko, don kunya.

Kwanan baya maƙalin ƙofar gidana ya cire. Na auna, na ja layi biyu, na kafa mahujin, hannuna na rawa. Ɗana yana tsaye yana kallo, sai ya ce, "Abba, me ya sa ba ka yi babba gaba ɗaya ba?" Na miƙa masa magagari, na ce ya matso kusa.