Saratu Gidado Daso: Muguwar Da Aka Yi Wa Kuka A Dakata

A shekarar 2000 akwai wata yarinya a Dakata, ba ta fi shekara sha shida ba, tana aikin naɗe alewa a wani kamfani a Bompai. Da sassafe take bin ayarin 'yan mata a ƙafa zuwa layin kamfanoni, sai yamma lis su dawo, yatsunsu na ɗanko da sukari. Mahaifiyarta ta rasu tun tana ƙarama, a hannun matar uba ta tashi. Ba sai an tsawaita ba, duk wanda ya san irin wannan gida ya san wa ke cin saman tukunya, wa ke kankarar ƙanzo.

Ranar Lahadi ce ranar hutunsu. 'Yan matan sukan haɗa kuɗi su karɓo hayar kaset a shagon bakin titi, su taru a ɗakin wata amarya maƙwabciyarsu mai bidiyo, idan NEPA ta yi mutunci. A wannan ɗakin ne yarinyar ta fara ɗora ido a kan matar da za ta shafe shekaru tana tsine wa, wato Hajiya Saratu Gidado, wadda duniya ta fi sani da Daso.

An haifi Daso ranar 17 ga Janairu, 1968. Fim ɗinta na farko shi ne Linzami Da Wuta na kamfanin Sarauniya, wanda ya fito a 2000, kamfanin nan da ya girgiza kasuwa da Sangaya. Lissafa ka gani, mai karatu: shekararta 32 lokacin da ta shigo industiri. A wancan zamanin yawancin 'yan matan da ke zuwa ofisoshin furodusoshi ba su kai ashirin ba, kuma burin kowacce a ba ta fitowar jaruma, a yi mata waƙa a cikin lambu, hotonta ya hau fosta. Daso ba ta zo neman wannan ba, ba a kuma ba ta ba. Abin da aka riƙa miƙa mata shi ne rol ɗin da kowa ke gudu: muguwar kishiya, uwar miji mai raba aure, matar uba, mai safa da marwa gidan boka. Ta karɓa hannu bibbiyu. Daga nan sai ga ta a Nagari, ga ta a Gidauniya, da Mashi, da Sansani, da wasu da dama da sai mai shagon haya ne zai iya lissafa maka su.

Kuma fa ta iya! Idan Daso ta shigo sin, tun kafin ta buɗe baki ka san yau gidan ba zaman lafiya. Ta riƙe ƙugu, ta zare ido, ta tafa hannu, ta yi 'yar dariyar nan da ba ta alheri ba ce, can kuma ta jefo Turanci a tsakiyar masifa, sai ka rasa haushi za ka ji ko dariya za ka yi. Sauran 'yan matan dariya suke yi. Yarinyar nan kuwa ko murmushi. Ita abin da take gani a talabijin ɗin, da shi ta kwana jiya, shi kuma za ta koma ta tarar.

"Anti, wallahi matar nan ba wasa take yi ba, halinta ne," in ji ta wata rana.

Amaryar ta ce, "Ke dai kin cika ɗaukar abu da zafi. Fim ne fa."

"Ba mai iya yin wannan kallon sai wanda ya saba yin sa."

Ba ita kaɗai ke da wannan fahimtar ba, kuma a nan ne tsadar aikin Daso take. 'Yan kallonmu ba su cika raba ɗan wasa da rol ɗinsa ba, abin kuma ya fi tsanani a kan mace. Shu'aibu Lawan Kumurci ya sha fitowa a mugu, amma samari kirari suke masa. Mace kuwa in ta fito a muguwa, sai a ce ai daman. Alhali in za a faɗi gaskiya, yawancin finafinan soyayyar wancan lokaci ba su da ƙashin baya sai da irin su Daso. Cire ta daga labarin, me ya rage? Saurayi da budurwa sun haɗu, sun yi waƙa uku, an ɗaura aure, kaset ya ƙare a minti ashirin. Ita ce ke hura wutar da ke sa a jira kashi na biyu, amma hoton wasu ake saye a liƙa a bango.

Sai dai abin da fosta ba ta ba ta ba, daɗewa ta ba ta. Jarumai mata na zamanin sun yi ta wucewa. Fati Muhammad ta auri Sani Musa Mai Iska suka tafi Ingila. Balaraba Muhammad ta rasu a hatsarin mota a 2003, Hauwa Ali Dodo ita ma a 2010, Allah ya jiƙansu. Daso tana nan. Da ita aka ga dakatar da harkar fim da gwamnatin Kano ta yi a ƙarshen 2000, da kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001, da guguwar 2007 wadda ta kori 'yan fim da yawa zuwa Kaduna da Jos. Da ita aka bar kaset aka koma sidi, kasuwar Ƙofar Wambai ta yi sama ta faɗo, aka koma tashoshin talabijin da YouTube. Shekara 24 cur.

Ita kuwa yarinyar Dakata, rayuwa ta yi gaba da ita. Kamfanin alewar ya rufe, kamar yadda masana'antu da dama suka rufe a Bompai da Sharaɗa da Challawa a shekarun nan, saboda rashin wuta da kwararowar kayan waje. Aka aurar da ita ga wani direban babbar mota wanda matarsa ta fita ta bar masa 'ya'ya biyu, mace da namiji. Wato dai ita ma ta zama matar uba.

Ta shiga gidan da rantsuwar ba za ta yi wa ɗan kowa abin da aka yi mata ba. Amma maigida ya yi sati biyu a hanya, kuɗin cefane ya ƙare, ga ciki, ga yara ba sa jin magana. Wata rana 'yar ta kifar da kwalbar man gyaɗa, wanda shi ke nan a gidan. Matar ta miƙe, ta riƙe ƙugu, ta fara. Tana cikin zazzaga masifa, hannu ya riga ya ɗagu, sai ta ji ƙanen yarinyar daga bayan ƙyaure yana raɗa wa abokinsa:

"Zo mu gudu, Daso ta fara."

Ashe sunan da yaran layin suka sa mata ke nan, ita kaɗai ce ba ta sani ba. Hannun ya sauka da kansa. Ta shiga ɗaki ta zauna a bakin gado, ta daɗe ba ta fito ba.

Kada a yi ƙarya, ba ta zama waliyyiya daga ranar ba. Ta ci gaba da faɗa, wani lokacin har da ranƙwashi. Amma duk sanda ta ji hannunta ya tafi ƙugu, sai fuskar nan ta faɗo mata, da zare idon da komai, sai ta sassauta. Wa'azin da aka sha yi mata a Islamiyya kan riƙon ɗan wani bai kama ta kamar yadda wannan sunan ya kama ta ba.

Daga baya, da wayoyi suka yawaita, ta riƙa ganin Daso a gajerun bidiyoyin da take sakawa, tana barkwanci, tana wasa da yaran industiri da ke kiran ta Mama. Mace mai fara'a, mai son raha. Matar takan kalla ta girgiza kai ta ce, "Oh ni, ashe da gaske fim ne."

Ranar Talata, 9 ga Afrilu, 2024, ranar azumi na talatin, Daso ta yi sahur ta koma ta kwanta, ba ta farka ba. Shekararta 56. Kafin azahar labari ya cika Kano.

Matar tana tsakar gida tana suyar cincin ɗin Sallah wayarta ta yi ƙara. 'Yar nan ce mai kifar da man gyaɗa, wadda yanzu take aure a Kawaji da 'ya'yanta uku.

"Umma, kin ji Daso ta rasu?"

Ta yi salati, ta sake yi. Sai hawaye. 'Yar ta yi shiru a waya, can ta ce, "Umma, kuka kike yi? Ke da ba kya son ta?"

"Wa ya ce miki ba na son ta?" in ji ta. "Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Gobe ki turo min yaran da wuri."

Kaskon cincin ɗin da ke kan wuta ya ƙone, sai da ta sake sabon kwaɓi.