Wa zai riƙe rajistar hanyar duniyar wata?

Jama'a, duk wanda ya yi aikin gwamnati ya san fayil ɗin da bai shiga rajista ba maraya ne. Ni kaina takardar ƙarin girmana ta taɓa yin watanni tana yawo tsakanin ofisoshi, kowa na cewa ba ta wurinsa, saboda ba wanda ya rubuta fitarta.

Abin da ya tuno min da wannan shi ne gangar rokar da ta faɗa bayan duniyar wata ranar 4 ga Maris, 2022. Da farko masu bin diddigi sun ce ta SpaceX ce, daga baya suka ce ta China ce da aka harba a 2014. China ta ce ba tata ba ce. Kun ji fa, ƙaton ƙarfe haka, amma aka tsaya gardamar mai shi!

Matsalar ita ce na'urorin sa ido da ke doron ƙasa an gina su ne don abin da bai wuce kilomita 36,000 ba, inda taurarin sadarwa suke. Wata kuwa nisansa ya kai kilomita 384,000. Haskensa yana kashe wa madubin hangen nesa ido, sannan a can duniya na ja, wata na ja, sai lissafin hanyar abu ya rikice.

Shi ya sa injiniyoyi ke tsara jerin taurarin ɗan'adam masu kyamara da za su yi gadi daga can. Wuraren da aka fi sa wa ido su ne waɗanda ake kira Lagrange, inda kumbo ke iya zama ba tare da ƙona mai da yawa ba. Guda ɗaya ba zai isa ba, don sai rana ta haska abu ta ɓangarenka kake ganinsa. Kuma cunkoso ya fara: a Oktoban 2021 sai da kumbon Indiya, Chandrayaan-2, ya kauce wa na NASA.

To ga abin da ke damuna. Mai kyamara shi ne mai rajista. Ranar da kumbo biyu suka yi karo, maganar wanda ya gani za a ɗauka. Najeriya ta sa hannu a yarjejeniyar Artemis a Disamban 2022, saboda haka muna da bakin tambaya: za a buɗe wa kowa bayanan nan, ko sai abin da aka ga damar nuna mana?

Ni dai a ofis na koyi cewa rajistar da mutum ɗaya ke kullewa a durowarsa, rikici take haifarwa. Ku fa, ya kuka gani?