Saƙonnin Baba da Muka Goge

Sati biyu da komawa lakol a watan Oktoban da ya wuce, wata ƙaramar malama da aka turo mana ta same ni a gindin bedi lokacin hutun ƙarfe goma. CE2 aka ba ta, kuma wannan ne ajinta na farko. Ta sauke murya ta ce, "Yaya, don Allah ka taimake ni. Akwai wata yarinya a ajina, kullum da marece tana tallar gyaɗa, ba ta taɓa kuskuren canji ba. Amma in na rubuta 350 F a allo sai ta tsaya tana kallona. Kuma ba ita kaɗai ba ce."

Na yi dariya na ce wannan ai tsohon ciwo ne, Baba ya daɗe da ba mu maganinsa a gurup. Na ciro salula na shiga nema. Har aka kaɗa ƙararrawa ban samu komai ba. Da dare na sake dubawa, sannan na tuna abin da na yi da hannuna, sai na aje salular na yi shiru.

Baba tsohon mushe ne da ya fara riƙe alli tun zamanin Kountché. Ya taɓa koyarwa a ɗaya daga cikin makarantun gwaji masu karantar da yara da Hausa, irin waɗanda aka fara a Damagaram a 1973. Lokacin da na fito daga ekol normal aka kawo ni wannan yanki na jihar Maraɗi, shi na tarar. Ya yi ritaya, amma bai bar mu ba. A watan Maris na 2020, da aka rufe makarantu saboda korona, muka buɗe gurup na WhatsApp na malaman CAPED ɗinmu, wato taron da malaman makarantun da ke kusa da juna ke yi don ƙara wa juna sani. Wani ya ce a sa Baba. Idanunsa ba su ganin ƙananan baƙaƙe, don haka bai taɓa rubuta ko kalma ɗaya ba. Bayan sallar isha'i sai ya danna ya yi magana, minti huɗu, minti bakwai, wani lokacin ana jin kukan awakinsa a baya. Shekara biyu ke nan da rasuwarsa, Allah ya jiƙansa.

Iyaye da yawa ba su san wannan matsala ba, shi ya sa zan tsaya a kanta. Yaronmu a gida da kasuwa da dala yake ƙirga kuɗi, kuma dala guda faran 5 ce. Abin da littafi ke kira 100 F, shi dala ashirin ya sani. 250 F dala hamsin ce, 500 F ɗari ce, 1000 F kuma jikka. Wato ranar da ya shigo aji da lissafinsa ya zo, lissafi mai kyau, sai mu ce masa abin da yake kira ashirin sunansa ɗari, abin da yake kira ɗari kuma ɗari biyar ne, kuma da Faransanci muke gaya masa. In ya rikice mu rubuta a kayensa cewa ba ya ƙoƙari. Baba yakan ce mu ne ba mu yi ƙoƙari ba. Dabararsa ita ce yaro ya ninka adadin sau biyu ya cire sifiri: 350 sau biyu 700, a cire sifiri, saura 70, dala saba'in ke nan. Daga nan yake shigar da su jadawalin biyar da raba lamba ba tare da sun ji tsoro ba.

Wannan dabarar na riƙe ta. Abin da ya kuɓuce mini shi ne jerin matakan. Baba ya shimfiɗa aikin a kan sati uku, ya faɗi abin da ake yi ranar farko da ƙullin kara goma-goma, da ranar da ake kafa kasuwa a cikin aji, da wurin da yara suka fi faɗuwa, da abin da malami zai ce in sun faɗi. Dabara ba tare da wannan jeri ba waƙa ce kawai da yaro zai haddace ya manta. Jerin nan shi ne shekara talatin da wani abu na Baba a gaban allo, kuma a cikin saƙonni shida ko bakwai ya zuba mana shi.

Ni na goge nawa. Ranar sunan ɗiyata salula ta ce ba sauran wuri, ina son in ɗauki bidiyo, na shiga gurup na share duk abin da ke ciki, ina cewa ai yana wajen sauran. Da na bi sauran ɗaya bayan ɗaya, kowa abin da ya ce wa kansa ke nan. Wani an sace masa salula a tasha. Wani ya canza waya, bai taɓa aje ajiyar saƙonninsa a intanet ba don mega tana da tsada. Wata ta ce ita duk ƙarshen wata take share komai. Mu talatin da ɗaya ne a gurup ɗin, kowa ya ɗauka wani ne ke tsaron rumbun.

Ban zo in zagi WhatsApp ba. Na san zamanin da takardar ansipeksiyo ke kwana uku a aljihun ɗan kabu-kabu kafin ta iso, mu ji labarin taro bayan an watse. Yanzu kafin ka gama shayi sanarwa ta zo. CAPED kan zauna sau ƴan kaɗan a shekara, in an samu abin zama, gurup kuwa kullum a buɗe yake. Akwai malamai mata da ba su taɓa ɗaga hannu a taro ba, a gurup na fara jin ra'ayinsu. Sai dai an gina abin nan ne don hira, kuma yadda hira take haka yake tafiya: na yau ya danne na jiya. Darasin Baba yana tsakanin barka da Juma'a arba'in, da katin biki, da bidiyon wani mai maganin basir, da tambayar da ba ta tsufa, "Albashi ya sauka?" Rubutu ana iya nemansa da kalma. Saƙon murya na Hausa kuwa sai dai ka saurare su ɗaya bayan ɗaya. Kuma wanda aka sa a gurup bana ba ya ganin abin da aka yi shekaru huɗu baya, alhali shi ne ya fi kowa buƙatarsa.

Akwai wani abu kuma da na lura da shi daga baya. Malamar nan tana cikin gurup, amma a gindin bedi ta same ni. Na tambaye ta dalili, ta ce, "Yaya, direkta yana ciki, konseye yana ciki. In na tambaya za a ce ban iya ba." Gaskiyarta. Tun da aka fara ɗaukar ƴan sa-kai a ƙarshen shekarun 1990, aka zo aka cika azuzuwa da ƴan kwantaragi a zamanin shirin PDDE da ya fara a 2003, malamai da yawa sun shiga aji da horo kaɗan, kuma matsayinsu ba mai ƙarfi ba ne. Mutumin da ke tsoron aikinsa ba zai tallata jahilcinsa a gaban mai duba shi ba. Saboda haka tambayoyi na gaske a ɓoye ake yin su, mutum biyu, amsar ta tsaya tsakaninsu. A fili sai "mun gode mushe" da hoton babban yatsa. Baba ne kaɗai ke cewa a gurup, "Ni ma na shekara biyar ina koyar da wannan ba daidai ba." Shi ba wanda zai canza masa wurin aiki.

Na ce to bari in koma ga takarda. Na je gidan marigayin, na gaida Inna, na gaya mata abin da ya kawo ni. Ta sa jikanta ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin gado. Ta ce, "Ɗana, ga abin da ya rage. Da kun zo da wuri." Gara ta ci rabi. Wasu kayen yara sun yage sun kai wa mai ƙosai. Na samu shafi ɗaya a kan dala, layi biyar da jan biki, irin rubutun da mutum ke yi don tuna wa kansa abin da ya riga ya sani. Don haka masu cewa da can ilimi ba ya ɓacewa, su je su duba kabad ɗin lakol ɗinsu bayan damina.

Sa'a ta zo daga inda ban zata ba. Wani abokin aikinmu da aka mayar jihar Tawa yana da tsohuwar salula da gilashinta ya fashe, ya jefa ta a akwati tun 2021. Mai gyara ya tada ta, muka samu saƙonni uku. Ranar da na sake jin muryar Baba, da awakinsa, sai da na fita waje.

Mu huɗu muka zauna ranar Asabar muka rubuta su kalma bayan kalma. A nan wata kunya ta same mu: dukkanmu da Faransanci aka horar da mu, Hausar da muke yi tun haihuwa sai ga mu muna gardama a kan inda ake sa ƙ da ɗ. A 2025 an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, amma mu masu alli a hannu har yanzu da kame-kame muke rubuta ta. Mun dai gama. Muka sayi babban kaye mai shafi 200, kwamitin kula da makaranta na CGDES ya saya mana akwatin ƙarfe saboda gara. Muka yi shawara cewa kowane wata malami ɗaya zai bi gurup ya tsamo abin da ke da amfani ya rubuta, a ɗauki hoton shafin, a aje a katin memori guda biyu a hannun mutum biyu. Muka kuma buɗe gurup na biyu wanda mutum uku kawai ke iya turo abu a ciki, ba gaisuwa, ba biki.

Kar in yi muku ƙarya, abin bai tafi sumul ba. Wani ya ce, "Wa zai biya ni wannan aikin?" Wani kuma, wanda ya fi mu duka iya shirya ƴan CM2, ya ƙi ba da fish ɗinsa ko ɗaya. Yana karantar da ƴaƴan masu hali da marece ana biyansa, kuma ya ce abin da yake ci da shi ke nan. Na ji haushinsa, amma na san albashinsa, na san yawan bakin da ke gidansa. Wata biyu a jere wanda layi ya zo kansa bai rubuta komai ba. Shafi 23 muka cika zuwa yanzu, 14 daga ciki da hannuna.

Saƙon Baba na uku ya tsaya ne a ƙarshen satin farko. Ya gama bayanin ƙullin kara, ya ce sauran sai gobe in Allah ya kai mu, kuma na goben yana cikin waɗanda ba mu samu ba. Malamar ta bi satin farko yadda ya faɗa. Sati na biyu ta ƙirƙiro nata: ta sa yarinyar mai gyaɗa ta zo da farantinta aji, yara suna saye da kuɗin takarda da aka rubuta faran a fuska ɗaya, dala a ɗayar. Na leƙa ta taga na ga yarinyar tana gyara wa wani yaro canjin 175 F, tana ce masa talatin da biyar ne, ya daina cutar ta.

Da aka tashi na kai wa malamar kayen na ce ta rubuta. Ta riƙe shi ta juya, ta ce, "Yaya, kusa da na Baba? Bari in sake gwadawa da ajin baɗi tukuna." Na ce baɗi wa ya san inda za a tura ta. Ta yi shiru, sannan ta tambaye ni ko ina da jan biki.