Tattaki Zuwa Tambuwal Da Kebbe: Yawon Bakin Ruwa Da Kuɗin Karo-karo

Duk wanda ya kalli fim ɗin Indiya mai suna 'Dil Chahta Hai', wanda ya fito a 2001, ba zai manta da wurin nan da Aamir Khan da Saif Ali Khan da Akshaye Khanna suka ɗauki mota suka bar Mumbai suka nufi Goa ba. Ga teku, ga rairayi, ga itatuwan kwakwa, ga abokai uku ba abin da ya dame su. Samari da yawa a nan Arewa sun kalli wannan wuri sun yi ajiyar zuciya, kowa yana cewa a ransa, "Ina ma ni ne!" To amma fa mai karatu, buri daban, aljihu daban. Daga Sakkwato zuwa bakin teku a Legas tafiyar kusan kilomita 1000 ce, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, ko ɗaurin aure za ka a garin da ke kusa sai ka zauna ka yi lissafi.

Shin wanda ba shi da kuɗin Goa ko na Legas sai ya haƙura da yawon buɗe ido ke nan? Mu huɗu mun gwada, kuma amsar da muka samo ita ce a'a. Akwai bakin ruwa a kudancin Jihar Sakkwato, a ƙasar Tambuwal da Kebbe, wanda kuɗin karo-karo zai kai ka ya dawo da kai. Sai dai da sharaɗi biyu: ka tafi da ɗan gari, kuma ka san cewa wurin da kai ka je shan iska, wasu a nan suke neman tuwo.

YADDA MUKA HAƊA KUƊIN

Ayarin namu ya ƙunshi ni, da wani abokina mai ɗaukar bidiyon biki, da wanda muka yi makaranta tare da ya aro tsohuwar Golf ɗin yayansa, sai na huɗu, ɗan asalin Tambuwal, wanda shi ne jagora. Kowa ya ajiye naira dubu 25, aka tashi da dubu 100 cif. Muka naɗa mai bidiyo ma'aji, saboda duk cikinmu babu mai maƙo irinsa. Ya sayi ɗan littafi, duk abin da ya fita sai ya rubuta, ko da ruwan leda ne.

Rabon da ya yi shi ne: kusan dubu 40 na mai, dubu 15 a ɓoye saboda faci ko bakanike, dubu 10 na tsarabar gidan da za mu sauka, wato goro da sabulu da suga, sauran kuma na ci da sha da kuɗin jirgi. Kuɗin otal kuwa babu shi a lissafi sam, domin a shagon samari na gidan su jagora za mu kwana. A but ɗin mota muka zuba garin kwaki da ƙuli-ƙuli da tabarmi biyu da gidan sauro. Mun zaɓi lokacin kaka, bayan ɗaukewar ruwan sama, lokacin da gulbi ya rage fushi, hanya ta bushe, abinci kuma ya yi sauƙi.

HANYAR DA TAKE CIKE DA TARIHI

Mun bar Sakkwato da hantsi, muka ɗauki babban titin da ya yi kudu. Abin sha'awa, wannan titi shi ne dai wanda idan ka miƙe shi za ka bi ta Jega, Yawuri, Kwantagora, Jebba, Ilori da Ibadan har ka sha iskar teku a Legas. Direbanmu ya ce, "To ai mun kama hanyar teku ke nan, mai ne kawai ba zai kai mu ba!" Aka bushe da dariya.

Garin farko mai girma shi ne Boɗinga, inda Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya taɓa zama. Kusa da shi akwai Sifawa, inda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi 'yan shekaru yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815. Gaba kaɗan sai Shagari, garin Alhaji Shehu Shagari, shugaban Nijeriya daga 1979 zuwa 1983, wanda a nan aka binne shi a watan Disambar 2018. Daga nan sai Dogon Daji, sannan Tambuwal. Duka tafiyar kimanin kilomita 100 ce, amma mun ci awa uku saboda tsaye-tsaye: nan a sha fura da nono, can a sayi rake, ga kuma tayar baya da ta yi faci bayan mun wuce Shagari. Ma'aji ya ciro kuɗin mai faci kamar ana cire masa haƙori.

TAMBUWAL: DA ƊAN GARI AKAN CI GARI

Matasan yanzu da sun ji Tambuwal sai su tuna da Aminu Waziri Tambuwal, shugaban Majalisar Wakilai daga 2011 zuwa 2015, kuma gwamnan Sakkwato daga 2015 zuwa 2023. Amma garin ya yi suna tun kafin siyasar zamani. A nan ne Muhammadu Buhari, ɗan Shehu Usmanu, ya zauna a matsayin ribaɗi mai tsaron wannan sashe na daula, kuma zuriyarsa ce ke riƙe da sarautar garin. Gwandu, inda hubbaren Malam Abdullahi yake, ba ta da nisa daga nan, ko da yake ita tana cikin Jihar Kebbi ne tun da aka ƙirƙiro jihar a 1991. Haka ma Aliero, garin albasa da masu ɗorin karaya, tana gaba kaɗan a kan hanyar Jega.

Da muka yi sallama a gidan su jagora, mahaifiyarsa ta tarbe mu da Sakkwatancin da babu gauraye. "Marhabin da baƙi! Kun zaka lahiya? Ku zamna ku sha hura." Muka durƙusa muka gaishe ta, ma'aji ya miƙa tsaraba ya ce, "Inna, ga wannan ba yawa." Ta ce, "Haba ɗiyana, had da wagga ɗawainiya?" Wannan dubu 10 ita ce kuɗin da ya fi kowane albarka a tafiyar. Kwana biyu muka yi, tuwon shinkafa da dare, kunu da ƙosai da safe, garin kwakinmu ko buɗe shi ba mu yi ba.

Da daddare mahaifin jagora ya kira mu zaure. Da ya ji Kebbe za mu, sai ya ɗauki waya ya kira wani amininsa a can ya tambayi lafiyar hanya. Sannan ya kafa mana doka: mu fita bayan rana ta ɗaga, mu dawo kafin la'asar sakaliya, kada mu ratse daji, kada kuma mu sa hoton inda muke a Facebook ko TikTok sai mun dawo gida. Muka ce, "To Baba, in Allah ya yarda." Wannan ba tsoratarwa ba ce. Ƙasar Kebbe ta yi iyaka da Zamfara ta ɓangaren Gummi, kuma a 'yan shekarun nan ƙauyukan yankin sun sha fama da 'yan bindiga. Duk wanda ya ce maka zai kai ka can ba tare da tambayar mutanen gari ba, wallahi ka bar shi ya tafi shi kaɗai.

KEBBE, BA KEBBI BA

Mai karatu kada ka rikice. Kebbi jiha ce, Kebbe kuma gari ne kuma ƙaramar hukuma a ƙarshen kudancin Jihar Sakkwato. Daga Tambuwal sai ka bar babban titi ka yi kudu. Tun kafin ka isa za ka ga ƙasa ta fara sauya kama: gonakin gero da dawa suna ja da baya, fadama tana buɗewa, ga shinkafa, ga mangwaro, ga giginya tsaye ƙiƙam. Mai bidiyo ya leƙa ta taga ya ce, "Jama'a, ga kwakwar tamu nan!"

Abin da ya kawo wannan ni'ima shi ne Gulbin Zamfara. Ya taso ne daga gabas, ya bi ta ƙasar Anka da Gummi, ya ratsa ƙasar Kebbe, ya wuce Jega, sannan ya haɗu da gulbin da ya gangaro daga Sakkwato. Su biyun su zuba a Kogin Kwara, ita kuma Kwara ta kai su teku a kudancin Nijeriya. Wato ruwan da muka tsoma ƙafa a cikinsa a Kebbe, teku za shi, kuma ba ya biyan ko sisi na mai.

Bakin gulbin ba wurin kwanciya a sha rana ba ne irin na fim. Ma'aikata ce. Ga masunta suna gyaran koma da birgi, ga masu noman rani suna jan tiyo suna tada injin ban-ruwa don albasa da tattasai, ga Fulani sun kawo shanu mashaya, ga masu jirgi suna ƙetarar da mutane da buhuna har da babura. Aminin Baba ya haɗa mu da wani dattijo masunci, wanda ya nuna mana abin da ya kamo: tarwaɗa, karfasa da ƙurungu. Muka sayi tarwaɗa manya guda uku a kan kuɗin da ko rabin faranti ba zai saya maka ba a gidan abinci a birni. Aka gasa mana a nan take, aka barbaɗa yaji. Kai jama'a! Gani ya kori ji, amma ci ya kori gani.

Kafin mai bidiyo ya kunna kyamara sai da ya tambaya: "Baba, ko ka yarda mu ɗauki hotonka?" Dattijon ya ce, "Ku ɗauka, amma ban da wajen da mata ka wanki." Haka kuwa aka yi. Wannan ƙaramar tambaya ita ta buɗe mana bakin mutane. Da mun zo muna haska kowa kamar mun sayi wurin, da kallon banza kawai za mu kwaso.

JIRGI BA DANDALI BA NE

Da muka shiga jirgi don ƙetarawa, direbanmu ya miƙe tsaye ya baza hannuwa, wai a ɗauke shi yana rawa irin ta Indiya. Jirgin ya yi tangal-tangal. Mai jirgi ya daka masa tsawa: "Yaro, zamna! Jirgi ba dandali na ba. In rawa kaka biɗa, bari mu kai tudu!" Mutumin naka ya zauna tsit, har muka ƙetare bai ƙara cewa uffan ba.

Mai jirgin yana da gaskiya. A watan Afrilun 2022 wani jirgi ya kife a ƙaramar hukumar Shagari, wadda muka ratsa a hanyarmu, mutum 29 suka rasu, akasarinsu yara da matasa. Abin da ke jawo irin wannan sananne ne: lodin da ya wuce kima, tsohon jirgi, da rashin rigar da ke hana nutsewa. Saboda haka idan ka ga an cika jirgi maƙil, jira na gaba. Idan ba ka iya ruwa ba, kada kunyar abokai ta sa ka faɗa, domin ƙasan gulbi ba ɗaya ba ne, nan iya gwiwa, taku biyu gaba ya shanye mutum. Hausawa sun ce iya ruwa fidda kai.

Wajen ƙarfe uku, rana ta karkata, haske ya kwanta a kan ruwa, giginyu suka yi inuwa doguwa. Mai bidiyo ya rantse cewa wannan wuri bai gaza Tiga ko Bagauda da 'yan fim suka saba zuwa ɗaukar waƙa ba. Ya so mu jira faɗuwar rana, amma jagora ya nuna masa agogo. Dokar Baba ta fi hoto. Muka yi sallama, muka kama hanya, muka yi sallar Magariba a Tambuwal.

ABIN DA YA RAGE A LITTAFIN MA'AJI

Kashegari muka juyo. Da muka iso Sakkwato ma'aji ya buɗe littafinsa a gaban kowa: an ci, an sha, an yi faci, an shiga jirgi, an sayo wa gida albasa da busasshen kifi, ga kuma naira dubu 7 ta rage. Kwana uku, mutum huɗu, babu wanda ya ci bashi.

Ga masu son gwadawa, ga abin da za ku riƙe. Kada ku wuce mutum huɗu ko biyar, don mota ɗaya ta ɗauke ku. Ku naɗa ma'aji tun kafin a tashi, kuma kuɗin ko-ta-kwana kada a taɓa shi don tsire. Ku nemi abokin da yake da gida a inda za ku, ku kuma shiga gidan da tsaraba da ladabi. Ku tafi da tsabar kuɗi, domin mai jirgi da mai fura ba ruwansu da taransifa. Ku gaya wa iyayenku inda za ku da ranar dawowa. Idan mutanen gari suka ce hanya ba lafiya, ku fasa, gulbi ba zai gudu ba.

A 2024 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da aikin babban titin da zai tashi daga Illela a Jihar Sakkwato har zuwa Badagry a bakin teku, mai tsawon sama da kilomita 1000. Wataƙila wata rana mu bi shi mu je mu ga teku da idonmu. Kafin nan dai, dubu 7 ɗin nan tana hannun ma'aji, ya ce ba za a raba ba, ita ce jarin tafiya ta gaba. Yawuri muke hari, mu ga Kwara inda ta yi faɗi. Abin da ya rage mana kawai shi ne mu samu abokin da yake da gida a can. Idan akwai Bayawuri cikin masu karatu, to ga baƙi nan tafe, kuma da goronsu.